Mai Gunaguni Ta Rasu Da Fuskar Zlatka A Cikinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da har yau bai sami wurin zama ba, Bai Strahil Karamanev (Bai laƙabin girmama dattijo ne a ƙasar nan), mai shagon hoto na bakin rufaffiyar gada a garin Lovech, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta, tsofaffin kwastomomi da duk mai tsayawa ya karanta takardun mutuwa a jikin bishiya, rasuwar abokiyar aikinsa ta shekara goma sha tara, wato na'urar nan da ke karanta nagatif ɗin fim ta zuba hoton cikin kwamfuta, wadda kowa ya fi sani da Mai Gunaguni. Ta cika ranar Talata da misalin ƙarfe uku da rabi na rana, a kan teburinta, a gaban surukin gidan. A al'ada akan rubuta cewa mamaci ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya. Bai Strahil ya ce ba da yawunsa ba. Da safe lafiyarta ƙalau, kashe ta aka yi.

An haifi marigayiyar a Japan, ta yi ƙuruciyarta a wani shagon hoto a Jamus, ta iso Lovech naɗe cikin bargo a bayan kujerar wani direban tirela. Zlatka, matar Bai Strahil, Allah ya gafarta mata, ita ce ta raɗa mata suna tun ranar farko. In an zura mata fim sai ta ce grrr-tak, ta ja shi ciki, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta kama wani dogon zzzzz ƙasa-ƙasa wanda ba ya yankewa sai ta kai ƙarshen hoto. Zlatka ta saurara, ta ajiye almakashinta ta ce, "Strahil, ashe ƙanwarka ka sayo. Da kai kaɗai ke gunaguni a shagon nan, yanzu kun zama biyu."

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri, mai juriya, mai cika alkawari. Ba ta taɓa gaggawa don kwastoma yana duba agogo ba. Ta karanta bukukuwan aure da baftisma, da rakiyar samari zuwa aikin soja, da duk tafiye-tafiyen bakin teku da mutanen garin nan suka ɗauka suka cusa a akwatin takalmi suka manta. Rabin fuskokin mamatan da ke liƙe a bishiyoyi da ƙofofin Lovech, na kwana arba'in da na wata shida da na shekara, ta cikinta suka bi kafin su fito. Babban halinta dai shi ne ba ta iya ƙarya ba. Mai gajeren wuya da gajeren wuyansa yake fitowa, kuma babu wanda ya taɓa dawowa ya ce wannan ba ubana ba ne.

Dole a tsaya a bayyana abu ɗaya, domin a kansa aka yi kisan. Hoton da aka ciro daga fim mai launi ba ya rabuwa da ɗigo-ɗigo, kuma iri biyu ne. Akwai ƙwayar fim, wadda da ita aka gina hoton tun asali, in ka cire ta ka cire hoton. Akwai kuma abin da masu sana'a ke kira hayaniya, Bai Strahil kuwa yake kira dusa: 'yan ɗigo ja da kore da shuɗi da idon na'ura ke ƙirƙira in aka matsa masa ya gani a inda haske ya yi ƙaranci. Nagatif mai launi yana sanye da mayafi ruwan goro, mayafin nan yana tare shuɗin haske, shi ya sa dusa ta fi taruwa a shuɗi. Shekara biyu Bai Strahil ya yi yana ɓata takarda kafin shi da marigayiyar suka fahimci juna. Yakan auna haske a gefen fim inda babu hoto, ya kulle shi a nan. Maɓallin ƙara kaifi a kashe. Maɓallin goge ƙwaya a kashe. Karatu ɗaya, in fim ya yi kauri ƙwarai a yi biyu, sannan ya juya launi da hannunsa a hankali. Wannan saitin ya zauna shekara goma sha bakwai babu wanda ya motsa shi, kuma a jikin allon kwamfutar akwai kwali da rubutun Zlatka, manyan baƙaƙe: KADA A TAƁA.

Zlatka ta rasu bara, Asabar ɗin nan take cika shekara. Shekara arba'in da bakwai ta yi a bayan kantar shagon hoto tana yanka hotunan mutane tana sa su a ambulan, amma in aka ɗaga kyamara wajenta sai ta kare fuska da tafin hannu. Wanzami ba ya son jarfa. Dalilinta shi ne ɗigon da Allah ya yayyafa mata, irin na masu jan gashi, daga goshi har haɓa, fuska kamar ƙwan zabo. Ta tsane su, kullum tana rufe su da hoda. Da ta rasu aka duba gidan sama da ƙasa, gidan mai hoto guda, ba a sami abin sa wa a takardar mutuwarta ba sai hoton katin shaida, ta cika hoda ta ɗaure fuska. Shekara guda ke nan Bai Strahil yana wucewa ta gaban ƙofarsa yana gaida wata mata da bai sani ba.

Watan jiya, yana neman yadda take jiƙa kabeji, ya buɗe littafin girkinta, wani yankin nagatif mai hoto huɗu ya faɗo. Ya ɗaga shi a hasken taga. Bakin teku ne a Sozopol, bazarar 1986. A hoto na uku Zlatka tana riƙe da malafa da hannu biyu don iska na neman ƙwace ta, tana dariya baki buɗe, babu hoda ko ƙwaya. Shi ya ɗauka, ta ce masa fim ɗin ya ƙone a wanki, ya yarda. Ashe ɓoye shi ta yi, amma ba ta iya jefar da shi ba. Hoton ya yi duhu, fuskar tana cikin inuwar malafa, aiki ne na mai haƙuri da na'ura mai haƙuri. Ya rantse wannan fuskar ce za ta hau bishiya ranar cikar shekara.

Sai likita ya ba shi ranar cire yanar ido, Litinin ɗin makon nan, ya kuma hana shi kallon allo har kwana uku. Da ma ya ɗaga aikin hoton har ido ya washe, don yana so ya gan ta da sabon ido. A nan ne Doncho ya shigo labarin.

Doncho mijin Milkana ne, 'yar Bai Strahil tilo. Shekarunsa hamsin da ɗaya, tayil ɗin banɗaki yake sayarwa, kuma duk abin da ba sumul ba a wurinsa aibi ne. Ba mugu ba ne, a rubuta wannan, Milkana ta matsa a rubuta. Mutum ne da in ya kalli bidiyon minti takwas a waya sai ya tashi da digiri. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ranar Talata da safe, Bai Strahil yana kwance a gida da bandeji a ido, Doncho ya ɗauki mabuɗin shago daga jakar matarsa don ya yi wa surukinsa bazata.

Abin da ya biyo baya an tattara shi ne daga bakin mai laifin. Ya zura fim, marigayiyar ta ce grrr-tak, ta karanta hoto na uku sau ɗaya da saitin da ta sani. Doncho ya ga ɗigo ko'ina, ya ce datti ne, ya jefar da hoton. Ya ɗaga kwalin Zlatka don yana tare masa gefen allo. Ya danna maɓallin nan na malalata wanda ke alkawarin gyara komai da kansa, saitin shekara goma sha bakwai ya tafi a danna ɗaya. Allah ya isa tsakanin Bai Strahil da duk wanda ya ƙirƙiro wannan maɓallin ya kuma yi shi babba kore. Sannan Doncho ya tuna mutumin bidiyo ya ce karatu goma sha shida ke kashe hayaniya, sai ya sa ta karanta hoton sau goma sha shida. Ta karanta. Dusar ta ragu, gaskiya ne, amma ƙwayar fim da ɗigon Zlatka sai suka ƙara fitowa fili, domin su ba ƙarya ba ne, suna nan a jikin fim. Doncho ya ga ɗigo ya ƙi tafiya, ya ce na'urar ce ba ta ji ba, ya sake. Ya sake. Tun ƙarfe tara na safe, a zafin Yuli, ƙofa da taga a rufe don kada ƙura ta shiga, tsohuwa mai shekara ashirin da ɗoriya tana kai da komo a kan fuska ɗaya, tana faɗa masa gaskiya ɗaya, shi yana ƙin ji. Da ya gaji sai ya ja maɓallin goge ƙwaya har ƙurya, ya sake tura ta wani zagayen.

Wajen ƙarfe uku Bai Strahil ya nemi mabuɗi a jakar Milkana bai gani ba. Ya sa takalmin gida ya fito da ido ɗaya. Tun daga kan gada ya ji muryarta ta canja, ba zzzzz ba ce, zzz-kak, zzz-kak take yi, kamar mai tarin da ya kai ƙirji. Yana tura ƙofa zafi da ƙaurin roba suka tare shi.

Doncho ya miƙe yana murmushi. "Baba! Wa ya ce ka fito? To tunda ka zo, zo ka ga Mama. Ta fito tas, kamar 'yar shekara ashirin."

Bai Strahil ya matso da idon da ya rage masa. A allo akwai malafa, akwai teku, a tsakiya kuma wani abu mai sulɓi da ramuka biyu da haƙora.

"Wace ce wannan?"

"Mama mana."

"Uwar wa? Wannan kwanon wanke hannu ne ka ɗora wa malafa. A shagonka ka ɗauko shi?"

"Haba Baba, ka yi adalci. Ka ga yadda yake da fari kuwa? Duk fuskar ɗigo-ɗigo, kamar ƙudaje sun yi taro. Datti na cire."

"Dattin nan na aura, Doncho. Shekara arba'in da bakwai ina tashi da safe ina kallon dattin nan. Sau nawa ka sa ta karanta?"

"Sha shida."

"Sha shida sau nawa?"

Doncho ya kalli silin yana lissafi da yatsu. Bai gama ba marigayiyar ta ce kak, ta ce kak-kak-kak, sannan wani siririn tsss, ƙaramar fitilarta ta gaba ta mutu. Bai Strahil ya kashe ya kunna. Ya kira ta da sunanta. Ya ɗora tafinsa a bayanta, zafi ya sa ya janye. Ta tafi, kuma ba ta tofo fim ɗin ba, fuskar Zlatka tana cikinta.

Ba za a rubuta abin da Bai Strahil ya faɗa a minti goman da suka biyo baya ba, yara na wucewa ta gindin bishiyar nan. Mai sayar da burodi ta ƙetaren titi ta ji, ta rufe tagarta. Garin gyaran gira an rasa ido, wannan ne mafi sauƙi a cikin kalaman.

Milkana ta iso da gudu, ta ga mijinta a raɓe jikin bango, ta ga ubanta yana huci, ta kalli allo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Baba, kada ka yi fushi da ni. Mama ba ta son ɗigon nan. Da tana nan, wallahi na Doncho za ta zaɓa."

"Na sani," in ji shi. "Ita ba ta so, ni na so. Ita ta tafi ta huta, ni aka bari da wucewa gaban bishiya kullum safiya. Ba zan yi wata shekarar ina gaida baƙuwa ba."

Ranar Alhamis aka cire masa bandeji. Abu na farko da ya gani da sabon idonsa shi ne gawar. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kwance kusoshi goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, Milkana tana riƙe masa fitila, Doncho yana bakin ƙofa don an hana shi ƙetare dakali. A ciki aka ga sanadi: wani ɗan gargare na roba, bai fi maɓallin riga ba, haƙoransa uku sun karye. Da ya karye sai abin riƙe fim ya goce ya danne nagatif ɗin, ya yi ta gurzarsa. Bai Strahil ya zaro shi da hantsaki ya ɗaga a taga. Hoto na ɗaya lafiya, kwale-kwale ne. Na biyu lafiya, wani kare ne a yashi. Na huɗu lafiya, ƙafafun wani ne. Na uku ya naɗe, an kankare shi daga bakin malafa har haɓa, ana hango hasken rana ta inda fuskar take.

Bai yi ihu ba. Ya ajiye fim ɗin a kan ƙyallen, ya zauna a kujerar kwastomomi ya zuba hannaye a cinya. Milkana ta ce tun da take ba ta taɓa jin tsoron ubanta ba sai a shirun nan.

Ita ce ta fara magana, ba tare da ta juya ba. "Doncho. Na farkon nan da ka ce ya yi datti, ina ka kai shi?"

"Na jefa a kwandon shara na kwamfuta."

"Ka zubar da sharar?"

Doncho ya sosa ƙeya yana ƙoƙarin tunawa.

"Shekara ashirin da huɗu ina aure da kai," in ji Milkana, "ban taɓa ganin ka zubar da shara ba, ko ta kicin. Allah ya sa ba ranar Talata ka fara ba."

Ba ranar Talata ya fara ba. Hoton yana nan a kwandon, shi kaɗai, ƙarfe tara da minti huɗu na safe, karatu ɗaya, da tsohon saiti, aikin ƙarshe da marigayiyar ta yi da hankalinta kafin a fara azabtar da ita. Bai Strahil ya juya launinsa da hannunsa, sannu-sannu, kamar yadda ya saba. Teku ya koma shuɗi, malafa ta koma ruwan ƙasa, sai ga ta daga cikin inuwa tana dariya, fuska cike da ɗigo. Milkana ta toshe baki ta ce, "Mama." Ba ta ƙara kawo zancen na Doncho ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar tsohuwar kwamfuta guda, wadda ba ta jin yaren kowace na'ura sai nata, yanzu ta zama bazawara. Ta bar waya mai kaurin kai da ba a ƙara yin irinta, da abin hura ƙura, da farar safar hannu biyu, da kwali mai cewa KADA A TAƁA, wanda aka tsinta a ƙarƙashin kofin gahawar Doncho da zoben jiƙa a kansa. Ta bar akwatunan takalmi talatin da ɗaya na mutanen gari da ke jiran layi, waɗanda ake roƙon masu su zo su ɗauka. Ta kuma bar Bai Strahil, mai shekara saba'in da huɗu, da sabon ido da babu abin da zai kalla da shi a wurin aiki. Masu cewa ya sayi sabuwa, ko ya ɗauki nagatif da waya kamar yadda ake yi yanzu, an ji, an gode, kada a maimaita a wurin zaman makoki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar. Da ƙarfe goma na safe za a taru a maƙabarta don addu'ar cikar shekarar Zlatka. An tuntuɓi fada, limamin coci, ko zai ƙara kalma biyu saboda Mai Gunaguni, ya ce littafinsa bai tanadi wannan ba, kuma Bai Strahil bai riƙe shi a zuci ba. Daga nan za a dawo gida, a binne ta a tsakar gida gindin kuringar inabi, naɗe cikin bargon da ta zo da shi. Doncho ne zai haƙa ramin, da hannunsa, da tsakar rana, kuma babu wanda zai karɓe shi. Za a raba dafaffiyar alkama da sukari, a zuba ɗigon barasa a ƙasa, kowa ya ce Allah ya gafarta. Mai kawo fure ya kawo biyu ko huɗu kamar yadda ake kai wa kowane mamaci. Kada a kawo sha shida.

Kusa da wannan takarda, a wannan bishiyar, za a liƙa ta Zlatka Karamaneva da sabon hotonta. Masu wucewa za su ga ɗigo-ɗigo a fuskarta, wasu za su ce injin buga takarda ne ya lalace, wasu za su sa babban yatsa su murza. Ana sanar da su tun yanzu: wasu ɗigon na fim ne, wasu na Mai Gunaguni ne, wasu na Zlatka. Bai Strahil ya zauna wuni guda da sabon idonsa yana neman ya raba su, ya kasa gane wanne ne na wa, don haka bai cire ko ɗaya ba. Shagonsa yana kallon bishiyar, shi kuma yanzu ba shi da aikin yi sai zama a bakin ƙofa. Wanda ya ga ɗigo ya bar shi inda ya gan shi.